Ɗaki takwas a bakin Abuja: yadda wani gidan haya ya ƙetare shekarar kullen korona

Gidan yana wani ƙauye ne a kan hanyar Zuba zuwa Gwagwalada, cikin jerin ƙauyukan nan da Abuja ke tura wa mutanen da take cin guminsu amma ba ta tanadar musu makwanci ba. Ɗaki takwas ne na bulo, jeri biyu suna duban juna, rijiya a tsakar gida, banɗaki biyu a ƙurya. Mai gidan wata dattijuwa ce da unguwa ke kira Hajiya, 'yan haya kuma su ce mata Mama. Mijinta direba ne a wata ma'aikata, da kuɗin sallamarsa ya yi ginin kafin ya rasu. Ita da jikokinta uku suna zaune a ɗaki biyu, sauran shidan na haya ne. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ko na mutanen ba, domin maganar bashi ce, kuma rufin asirin mai bashi haƙƙinsa ne.

A farkon 2020 mutum biyar ne ke haya a gidan. Akwai malamin wata makarantar kuɗi da matarsa da yara biyu, suna ciki da falo a kan naira 90,000 a shekara. Sauran ɗakuna huɗun kowanne naira 50,000 ne: magini guda, ɗan kamasho a tashar Zuba, wata bazawara mai sayar da abinci da 'ya'yanta, sai samari biyu 'yan dako da ke aiki a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei. In kowa ya biya, Hajiya na samun naira 290,000 a shekara, wato dubu 24 da 'yan kai a wata. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2019 naira 30,000 ne. Saboda haka wadda ake kira mai gida, ko albashin masinja ba ta kai ba, kuma daga wannan kuɗin take ci, take sayen maganin hawan jini, take biya wa jikoki makaranta. Wanda bai riƙe wannan lissafin a kansa ba, ba zai fahimci abin da ya biyo baya ba, zai ɗauka labarin mugun mai gida ne da talakan ɗan haya.

An samu mutum na farko mai korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. Cikin watan Maris aka rufe makarantu. Ranar 30 ga Maris dokar kulle da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar ta fara aiki a Abuja da Legas, ba a sassauta ba sai 4 ga Mayu, ita kuwa tafiya tsakanin jihohi ba a buɗe ta ba sai 1 ga Yuli. Cikin mako guda samun mutum huɗu daga biyar na gidan ya tsaya cak. Aka dakatar da ginin da magini ke aiki a ciki. Tasha ta mutu, ɗan kamasho kuwa da lodin mota yake ci. Mai abinci leburori da direbobi ne kwastomominta, da suka daina fita sai tukunyarta ta koma ta gida kawai. 'Yan dakon ne kaɗai hankalinsu ke kwance ta fuskar haya, domin sun biya tasu tun Janairu.

Lamarin malamin ya fi na kowa nuna yadda abin yake ɗaure. Albashinsa naira 25,000 ne, kuma makarantar ba ta da wata hanyar biyansa sai abin da iyaye suka kawo. Ba karatu, ba kuɗin makaranta, ba albashi. To amma ai ko lokacin da ake zaman lafiya, mai albashin dubu 25 ba ya iya ajiye dubu 90 a hannu. Yadda yake yi duk shekara shi ne adashi: shi da abokan aikinsa suna zubi kowane wata, ya roƙa a sa kwasarsa ta faɗo a Afrilu, domin hayarsa na cika a Mayu. Albashi na tsayawa zubi ya tsaya. Waɗanda suka riga suka kwashi nasu ba su da abin ci gaba da zubawa, shi da ke jiran layi kuma ya tashi a tutar babu, har da abin da ya riga ya zuba. A ganina nan ne asalin raunin yake. Al'adarmu ta biyan haya shekara guda a dunƙule tana tilasta wa talaka ya jingina makwancin iyalinsa a kan adashi, adashi kuma amana ce da ke tsaye muddin kowa na samu. Annoba ta bugi kowa lokaci guda, babu wanda ya rage a tsaye balle ya tallafi wani.

Tsakanin Afrilu da Yuni hayar magini da ta malami da ta mai abinci duk suka cika, ga ɗan kamasho da ma ana binsa rabin ta bara. Jimillar abin da Hajiya ke sa rai naira 215,000 ne. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu ba ta ga ko sisi ba.

Inda suka nemi agaji

Ba za a ce gwamnati ta naɗe hannu ba. Ma'aikatar jinƙai ƙarƙashin Sadiya Umar Farouq ta raba naira 20,000, wato kuɗin wata huɗu a haɗe, ga wasu daga cikin gidajen da ke cikin rajistar marasa galihu ta ƙasa. Rajistar na da gidaje kusan miliyan 2.6 a lokacin, shugaban ƙasa ya ba da umarnin a ƙara miliyan ɗaya. Sai dai an tsara ta ne tun kafin annoba, domin waɗanda talauci ya daɗe da yi wa katutu. Malami mai albashi da magini mai aiki ba sa ciki, domin a watan Fabrairu ba su cikin wannan sahun. Kulle ne ya jefa su a ciki dare ɗaya, rajista kuwa ba ta gudu irin wannan.

Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 na rance ga magidanta da ƙananan 'yan kasuwa ta hannun bankin NIRSAL. Ana nema ta intanet, da lambar BVN da asusun banki. Malamin ya duba ya fasa, kuma ban ga laifinsa ba: wanda bai san ranar da albashinsa zai dawo ba, cin bashi don biyan bashi ƙarin igiya ne a wuya. Mai abinci ko asusun banki ba ta da shi. Daga baya, a watan Satumba, aka buɗe shirin tallafin naira biliyan 75 na ƙananan sana'o'i, wanda a ciki akwai biyan albashin wata uku ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, har da malaman makarantun kuɗi. Wannan kam ya yi kama da maganin ciwon malam. Amma mai makaranta ne zai nema a madadin ma'aikatansa, kuma sai makarantar na da rajista da hukumar rajistar kamfanoni. Tasu irin makarantar cikin lungu ce da aka fara a zaure aka ƙara aji-aji, ba ta da wannan takarda.

Kayan abinci sun iso ƙauyen sau ɗaya a lokacin kulle, kowane gida ya sami ɗan abin da ya samu. Kowa kuma ya tuna yadda a ƙarshen Oktoban 2020, bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafi a wurare da dama, har da Gwagwalada da Bukuru ta jihar Filato. Abin da nake so a lura da shi shi ne, duk tallafin da aka yi ko dai abinci ne, ko rance, ko albashi. Babu wani shiri na tarayya da aka buɗe da sunan kuɗin haya, kuma ba a fitar da dokar dakatar da korar 'yan haya ba. An yi lissafin cikin talaka, ba a yi lissafin inda zai kwana ba.

Doka dai tana nan a rubuce. A Abuja, dokar karɓe gida daga ɗan haya ta ce mai biyan shekara-shekara a ba shi notis na wata shida, mai biyan wata-wata notis na wata ɗaya, bayan wa'adi ya cika a ƙara masa kwana bakwai, sannan a je kotu, kuma kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da shi. A ƙarshen Maris ɗin ma Alƙalin Alƙalai Ibrahim Tanko Muhammad ya dakatar da zaman kotuna sai na gaggawa. Amma a irin wannan ƙauye ba da takardar kotu ake tashin mutum ba. Kwaɗo ake danna wa ƙofa, ko a cire ƙyauren gaba ɗaya, ko a ɗaye kwano ɗaya daga saman ɗaki a bar wa damina sauran aikin. Babu ɗaya daga cikin 'yan hayar Hajiya da ke da yarjejeniya a rubuce. Rasit ɗinsu shi ne wani littafin makaranta da babban jikanta ke rubuta wanda ya biya da ranar da ya biya.

Matsin ya zo ne ta hannun dillali. Bayan ƙaramar salla ya fara zarya, yana gaya wa Hajiya cewa yana da mutanen da haya ta fi ƙarfinsu a Kubwa da Gwarimpa, suna neman wuri mai sauƙi, kuma da kuɗin shekara a hannunsu. In ta fitar da malam, zai kawo mata wanda zai biya fiye da dubu 90 nan take. Ba ƙarya yake yi ba. Duk lokacin da aka shiga matsi, na tsakiyar gari ya gangaro gefen gari, na gefen gari ya gangaro ƙauye, na ƙauye kuma ba shi da inda zai gangara. A lokacin Hajiya ta riga ta sayar da awakinta biyu, tana tsallake kwana a shan magani don ya daɗe. Ta kira malam ta ce masa, "Malam, ka san ba halina ba ne, amma yaran nan marayu ne, ni ma ba ni da kowa sai ɗakunan nan." Ya ce, "Mama, wallahi na sani. Ki ba ni zuwa a buɗe makaranta." Ta ce, "Yaushe za a buɗe?" Bai da amsa, domin a watan Yuni babu wanda ke da ita.

Zaman zaure

Matar malam ce ta kai maganar wurin matar limami, daga nan ta isa ga mai unguwa. Aka zauna a zaurensa, da liman, da Hajiya da ƙanen mijinta, da 'yan hayar da ake bi. Mai unguwa bai fara da wa'azi ba. Cewa ya yi a kawo littafin jikan nan, aka karanta abin da ake bin kowa a gaban kowa, sannan ya tambayi Hajiya nawa take buƙata a wata don ta ci ta sha magani. Ta ce, "Ranka ya daɗe, in na sami dubu goma sha biyar zan lallaɓa." Daga wannan adadin aka gina sulhun, ba daga jimillar bashin ba, kuma ina ganin wannan ne ya sa ya yi aiki.

Liman ya kawo abu biyu. Na farko umarnin Alƙur'ani a Suratul Baƙara cewa a jinkirta wa wanda ake bi bashi in yana cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Na biyu, wanda ya fi amfani a aikace, shi ne cewa waɗanda bashi ya yi wa nauyi suna cikin kashi takwas na masu cin zakka da Suratut Tauba ta lissafa. Akwai wani ɗan kasuwar Dei-Dei da ke ba liman zakkarsa ya raba kowace shekara, bisa al'ada a raba ta dubu bibbiyu ga mutane da yawa. A wannan karon liman ya nemi izininsa ya ware naira 60,000, aka ba malam 40,000, mai abinci 20,000, su kuma suka miƙa wa Hajiya a nan zauren. Kuɗi ɗaya ya yi aiki biyu: ya tsare wa gida biyu makwanci, ya ciyar da gida na uku.

Sauran bashin aka sassara shi gwargwadon hannun kowa. Magini ba shi da kuɗi amma yana da sana'a, ga bangon baya ya tsage, rufin ɗaki biyu na yoyo. Aka yi wa aikin kuɗi kamar yadda za a biya bare, aka cire daga hayarsa, saura ya biya in aiki ya dawo. Mai abinci ta ce ita ba ta iya tara kuɗi, amma tana iya ba da ɗari biyu kullum in ta fara fita, aka amince. Malam aka mayar da shi biyan wata-wata, dubu bakwai da ɗari biyar, farawa daga watan da aka buɗe makaranta, kafin nan kuma ya riƙa koya wa jikokin Hajiya karatu. Wannan darasin na tsakar gida ya jawo yaran maƙwabta, iyaye na ba da abin da ya sauwaƙa, da shi iyalinsa suka ci abinci har Oktoba. Aka rubuta komai a takarda, mai unguwa da liman suka sa hannu. Wannan ce takardar haya ta farko da aka taɓa yi a gidan.

Ba kowa ne sulhun ya riƙe ba. Ana buɗe hanyar jihohi a Yuli, ɗan kamasho ya tattara ya koma garinsu ba sallama, ya bar katifa da bashin dubu 25. Ɗakin ya yi wata biyu a rufe. Awakin Hajiya ba su dawo ba, kuma in aka yi lissafi tsakani da Allah, ita ce ta ɗauki kaso mafi girma na asarar annoba a wannan gida. Tallafin gaggawa na haya da ƙasa ba ta bayar ba, wata tsohuwa mai hawan jini ce ta bayar daga bakinta da na marayunta.

Me ya sa shirye-shiryen gidaje ba sa ganin irin wannan gida

Tun dokar 1976 da ta kafa Abuja, ƙasar babban birnin tarayya a hannun gwamnatin tarayya take, ministan Abuja ne ke ba da takardar mallaka. Amma a ƙauyukan Gbagyi da Koro da Gwandara da sauran 'yan asalin yankin, mutane na sayen fili ne a hannun iyalai, da shaidar dagaci da takardar ciniki. Haka mijin Hajiya ya sayi nasa. Rusau ɗin da aka yi zamanin da Nasir El-Rufai ke minista, daga 2003 zuwa 2007, ya ƙara turo jama'a irin waɗannan wurare. Sakamakon shi ne, gidaje masu araha na gaskiya da leburori da masu gadi da malaman Abuja ke kwana a ciki, a idon hukuma kusan babu su. Banki ba ya karɓarsu jingina, mai su ba ya samun rancen gyara, kullum kuma da fargabar ranar da katafila za ta zo.

Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 yana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya ya ba shi rance. Tsari ne na mai albashi a takarda da fili mai takarda. Shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3 da kwamitin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya fitar a Yunin 2020 ya ƙunshi gina gidaje 300,000 masu sauƙin kuɗi. Niyya ce mai kyau, amma gidan da za a gina a sayar ba ya amsa tambayar wanda hayarsa ta cika ran 1 ga Mayu.

Amurka ta bi wata hanya, kuma akwai abin dubawa a ciki ko da aljihunmu bai kai nasu ba. Da ma ma'aikatar noma ta ƙasar na da tsohon shiri na gidajen haya a karkara, inda mai ƙaramin ƙarfi ke biyan kashi 30 cikin ɗari na samunsa, gwamnati ta cike sauran. Da annoba ta zo, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta hana korar 'yan haya daga Satumban 2020, har Kotun Ƙoli ta soke hanin a Agustan 2021. Majalisa ta ware dala biliyan 25 a Disamban 2020 don tallafin haya na gaggawa, ta ƙara biliyan 21.55 a Maris 2021, kuma akasari mai gida ake biya kai tsaye. Sun gane cewa hana kora ba tare da biyan mai gida ba, mayar da yunwa ne daga wannan ɗaki zuwa wancan. Duk da haka kuɗin ya yi ta jan ƙafa a watannin farko saboda yawan takardun da ake nema, sai da aka yarda mutum ya ba da shaida a kan kansa sannan rabon ya yi sauri. In takarda ta zama shinge a ƙasar da kusan kowa ke da ita, ina ga ƙauyen da rasit ɗinsa littafin jika ne?

Shi ya sa nake ganin duk wani tallafin haya da za a tsara a nan, dole ya karɓi shaidar da talaka ke da ita: mai unguwa, liman ko fasto, da maƙwabci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a zauren nan cikin yini ɗaya aka tantance wa ake bi, nawa ne, wa ke da gaskiya. Na san za a ce masu unguwa na iya cusa 'yan uwansu, kuma hakan na faruwa. Maganinsa shi ne abin da wannan mai unguwar ya yi, a karanta sunaye da adadi a bainar jama'a, a biya mai gida a gaban ɗan haya, mai gida kuma ya sa hannu cewa ba zai tashe shi ba har tsawon watannin da aka biya. Majalisun yankunan Abuja guda shida, wato AMAC ta cikin birni da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji, su ne mafi kusa da za su riƙe irin wannan rajista, kuma tun ana zaune lafiya ya kamata a buɗe ta. Kuɗin ma ba wani mai yawa ba ne. Hayar wata uku ta ɗakin dubu 50 naira 12,500 ce, ba ta kai dubu 20 ɗin da aka raba wa gida ɗaya a lokacin kulle ba.

Maganar biyan shekara a dunƙule ta kai Majalisar Dattawa a 2022, lokacin da ƙudurin Sanata Smart Adeyemi na mayar da hayar Abuja wata-wata ya tsallake karatu na biyu. Masu gidaje irin Hajiya suna da dalilin jin tsoronsa, domin kuɗin dunƙule ne ke ba su damar sayen kwano ko siminti, kuma ba su da hanyar bin wanda ya gudu. Ita kanta bayan annoba ba ta mayar da kowa wata-wata ba sai malam da mai abinci, waɗanda ta ga amanarsu da idonta. Sabon da ya shiga ɗakin ɗan kamasho shekara guda ta karɓa a hannunsa, a kan naira 60,000, ta kuma sa aka rubuta takarda a gaban mai unguwa kafin ta ba shi makulli.